Me ya sa sabar da na rubuta ba ta sauraron mutum biyu a lokaci guda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kwamfuta a nan Damagaram. Na rubuta ƙaramar manhajar saba, wato mai jiran saƙo daga wasu na'urori ta amsa musu, da harshen Python domin yayana, wanda ke da shago a kasuwar Dole, ya riƙa aiko da lissafin ciniki daga wayarsa zuwa kwamfutata. Abu uku suka dame ni. Idan na gwada ta a kwamfutata tana aiki, amma wayarsa ba ta samunta. Idan mutum ɗaya ya haɗu da ita, na biyu sai ya yi ta jira babu amsa. Kuma idan na kashe ta na kunna nan take, sai ta rubuto mini Address already in use. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalolin nan uku asalinsu ɗaya ne, wato rashin bambance aikin da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta take yi maka da wanda ya rage a wuyanka. Tsarin soket, wato mahaɗar da manhaja ke aikawa da karɓar saƙo ta cikinta, da Python ke amfani da shi ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, cikin babbar manhajar kwamfuta mai suna 4.2BSD a shekarar 1983, kuma har yau matakansa ba su sauya ba: da socket ake buɗe soket, da bind ake ɗaure shi ga adireshi da lambar ƙofa, da listen ake mayar da shi mai jiran baƙi, sannan da accept ake karɓar wanda ya iso.

Zan fara da matsalarka ta biyu, domin ita ce ta fi muhimmanci. Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, accept ba ta mayar maka da soket ɗin da ka buɗe tun farko, sabon soket take ba ka, wanda aka keɓe wa baƙon nan shi kaɗai. Na farkon yana nan a matsayinsa, ba a aika saƙo ta cikinsa, ba a kuma karɓa. Kamar mai tsaron zaure ne a fada: aikinsa ya amsa sallama ya haɗa baƙo da ɗan rakiya, ya koma bakin ƙofa. Abin da manhajarka ke yi shi ne, mai tsaron zauren ya bi baƙon farko ciki ya zauna hira, ya bar ƙofa. Da zarar ka kira recv, wadda da ita ake karɓar saƙo, a kan soket ɗin baƙon farko, manhajar tana tsayawa cik har sai ya aiko da wani abu, ba za ta dawo kan accept ba sai ya tafi. A wannan lokacin babbar manhajar kwamfutar ta riga ta kammala gaisuwa mai matakai uku ta TCP, wato ƙa'idar da na'urori ke bi wajen kai saƙo, da baƙo na biyu, ta ajiye shi a layin jira. Shi ya sa a wajensa haɗin ya yi, amma amsa ba ta zuwa.

Gyara mafi sauƙi shi ne ka ba kowane baƙo zaren aiki nasa, wato ɓangaren manhaja da ke gudana daban a lokaci guda da sauran. Da accept ta dawo da sabon soket, sai ka miƙa shi ga sabon zare ta hanyar threading, babban zaren kuma ya koma bakin accept ba tare da ɓata lokaci ba. Ga shago mai wayoyi uku ko biyar, wannan ya wadatar ƙwarai, kuma shi nake ba ka shawarar ka fara da shi, domin za ka iya bin tafiyar manhajar da idonka. Sai dai ka kula da wuri ɗaya: idan zare biyu suna rubutu a kundin lissafi guda, wajibi ne ka sa makulli, wato Lock, domin kada su taka ƙafar juna su ɓata jimillar kuɗi. Akwai wata hanya, inda zare ɗaya ke lura da dubban soket yana kula da wanda ya shirya kawai, ta amfani da select ko epoll na Linux. A kanta aka gina manhajar saba mai suna Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, haka ma asyncio da ta shigo Python 3.4 a 2014. Hanya ce mai kyau, amma ba yanzu kake buƙatarta ba.

Akwai wata matsala da ba ka ambata ba, wadda na tabbata tana jiranka a gaba, kuma ta fi sauran haɗari saboda ba ta nuna kanta a gwajin gida. TCP ba ya sanin inda saƙo ya fara ko inda ya ƙare, jerin bayit, wato ƙananan gutsattsarin bayanan kwamfuta, kawai yake kai wa bi da bi ba tare da ɓata tsari ba. Idan yayanka ya aiko da layin lissafi ɗaya, yana iya isowa kashi biyu, haka nan layi biyu suna iya isowa a manne cikin recv ɗaya, musamman idan sadarwa ta yi rauni. Mu masu rubutu da Hausa abin ya fi shafar mu, domin a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana rubutu da shi, haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowannensu bayit 2 ne, saboda haka harafi ɗaya yana iya rabuwa tsakanin kashi biyu, manhajarka ta faɗi a lokacin da take ƙoƙarin mayar da rabin harafi rubutu. Dole ne kai ka kafa ƙa'idar iyakar saƙo: ko dai kowane saƙo ya ƙare da alamar sabon layi, ko kuma ka fara aika tsawonsa cikin bayit 4 kafin shi kansa. Ka riƙa tara abin da ya iso a ma'aji har saƙo ya cika, sannan ka mayar da shi rubutu. Wajen aikawa ka yi amfani da sendall, domin send tana iya tura wani ɓangare kawai. Idan kuma recv ta dawo babu komai a cikinta, ma'anarsa ɗaya ɓangaren ya rufe, sai kai ma ka rufe naka. Ka sa wa kowane soket wa'adi da settimeout, saboda wayar da cajinta ya ƙare ko ta fita daga inda sadarwa take ba ta yin sallama, zarenta zai zauna yana jira har abada.

Batun wayar da ba ta samun sabar, ka duba adireshin da ka ba bind. Idan 127.0.0.1 ne, to wannan adireshi ne da kwamfuta ke magana da kanta da shi kawai, babu wata na'ura daga waje da za ta iso gare shi. Ka mayar da shi 0.0.0.0, ka zaɓi ƙofa sama da 1023, misali 5000, tunda na ƙasa da haka a Linux sai da izinin mai gudanarwa, sannan ka buɗe ƙofar a katangar tsaron kwamfutarka. Da wannan, wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai za ta same ka ta adireshinka na cikin gida, wanda galibi yake farawa da 192.168. Amma daga kasuwa zuwa gida ta layin waya lamarin daban ne, domin kamfanonin waya sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya na fili, ta yadda kai za ka iya fita zuwa intanet amma ba a iya shigowa wurinka. Mafita ita ce ka ɗora manhajar a kan sabar haya mai adireshin fili, wadda kuma ɗaukewar wuta ba za ta kashe ta ba.

Saƙon Address already in use kuwa ba laifi ba ne a manhajarka. Ɓangaren da ya fara rufe haɗin TCP yana zama a wani hali da ake kira TIME_WAIT, na daƙiƙa 60 a Linux, domin kada ragowar tsohon haɗi su cakuɗu da sabo. Ka kunna SO_REUSEADDR da setsockopt kafin ka kira bind, za ka daina ganinsa, sai fa idan tsohuwar manhajar tana nan tana aiki a ɓoye.

Ranar da ka fitar da sabar zuwa intanet, ka sani cewa na'urorin da ke lalube ƙofofi dare da rana za su same ta. Tunda lissafin kuɗin yayanka ne zai riƙa bi ta ciki, ka lulluɓe haɗin da TLS, tsarin ɓoye saƙo daga masu leƙe, ta hanyar ssl na Python, ka nemi kalmar sirri kafin karɓar kowane saƙo, ka kuma ƙayyade iyakar tsawon saƙon da za ka yarda ka tara, ta yadda wanda ya wuce ta za a katse shi nan take.