Hukuncin sayar da jakar goyon jarirai da kamfani ya janye daga kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da gwanjon kayan jarirai. Na buɗe dila na samu jakunkunan goyo, daga baya na ji kamfanin da ya yi su ya janye irinsu saboda makullin robar yana karyewa. Nawa lafiyarsu ƙalau a ido. Ya halatta in karya kuɗinsu in sayar, in na gaya wa mai saye?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa kasuwa albarka, 'yar'uwa.

Ki fara tabbatarwa naki suna cikin waɗanda aka janye, domin janyewa takan shafi rukunin da aka ƙera a wani lokaci ne kawai. Misali, a Fabrairun 2020 hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye jakunkunan goyo na kamfanin Infantino kusan 14,000, samfurin Go Forward da Flip Front2back da Up Close Newborn, saboda makullansu na iya karyewa yaro ya faɗo. Akwai ƙyalle da aka ɗinka a cikin kowace jaka mai ɗauke da sunan samfuri da lambar rukuni. Ki gwada lambar da wadda ke cikin sanarwar. In ƙyallen ya yage ko rubutun ya goge, ki ɗauke ta a matsayin wadda aka janye.

Idan suna ciki, sayar da su a ɓoye haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wanda kuma ya riga ya saya yana da haƙƙin dawo da kaya ya karɓi kuɗinsa saboda aibin.

Saura batun bayyanawa, kuma nan ne tambayarki ta fi nauyi. A ƙa'ida, in an nuna aibi mai saye ya yarda, ciniki ya inganta, domin haƙƙinsa ne ya yafe. Amma a nan wanda zai faɗo ba shi ne mai sayen ba. Jariri ne, bai yarda da komai ba, kuma uwa ba ta da ikon yafe lafiyarsa don rangwame. Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Saboda haka abin da nake gani shi ne bai halatta a sayar da irin wannan jakar don goyo ba ko da an bayyana, kyautarta ma bai halatta ba.

Kada lafiyarsu a ido ta ruɗe ki. Nauyin yaro gaba ɗaya yana rataye ne a kan makullan kafaɗa da na ƙugu. Robar da ta samu matsala tun wurin ƙira takan shiga ta ce ƙas kamar lafiyayya, sai ranar da uwa ta sunkuya ɗaukar bokiti haƙorin makullin ya ɓalle. Kan jariri ya fi jikinsa rinjaye, shi ke fara isa ƙasa, ga maɗiga ba ta rufe ba. Ɗaure wurin da igiya ko kai wa tela ya sa wani makulli ba ya kawar da haɗarin, tunda ba wanda ya gwada ƙarfinsa.

Ki kira duk wadda kika sayar wa, ki sanar da ita ta daina amfani da jakar yau, ki mayar mata da kuɗinta. Ta koma zani da majanyi kafin ta samu wata. Ki nemi haƙƙinki wurin dilan da ya sayar miki. Ragowar kuwa ki datse maɗauransu da almakashi ki cire makullan kafin ki zubar, don kada 'yan bola jari su tsinta su dawo da su kasuwa. Yadin kansa halal ne ki sayar ko ki yi wani amfani da shi.

Wallahu a'alam.