Me ya sa aka ɗage aikin zuciyar ƙanwarki mai cutar Takayasu?

'Yar'uwa, Allah Ya ba ta lafiya. Kin ce an gano ƙanwarki tana da cutar Takayasu, ƙofar babbar jijiyar da ke fita daga zuciyarta tana yoyo, amma likitoci sun ɗage aikin sauya ƙofar, sun ɗora ta kan magani, kina tsoron ko sakaci ne.

Ba lallai sakaci ba ne. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke far wa bangon jijiyar, ya kumbura ya yi rauni. Ɗinki a irin wannan bango kamar ɗinki ne a tsohon zane da ya ruɓe: zaren yana iya yagewa, sabuwar ƙofar ta saki, ko wurin ya toshe. Shi ya sa ake fara kwantar da kumburin da prednisolone, wani lokaci a haɗa da methotrexate, ana bin gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna yawan kumburi, da hoton jijiyoyin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta daina prednisolone da kanta don ta ga maganin ya sa fuskarta ta cika. Yanke shi kwatsam yana da haɗari ƙwarai. Kuma a riƙa auna hawan jininta a hannu biyu har da ƙafa, domin hannun da jijiyarsa ta matse yana nuna awo ƙasa da gaskiya.

Ki nemi likitan zuciya, likitan tiyata da likitan cututtukan garkuwar jiki su yi shawara tare. In tana da niyyar haihuwa, ta faɗa kafin a zaɓi irin ƙofar, don ta ƙarfe sai da warfarin har abada, wato maganin hana jini daskarewa, wanda kan iya cutar da ɗan da ke ciki. Ciwon ƙirji ko na baya mai tsanani farat ɗaya, sarƙewar numfashi ko suma kuwa, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.