Saurayin 'yata Spencer ne, wai jinin gidan su Diana ne, in ƙara biyan kuɗin binciken asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, a Birmingham muke zaune da maigidana da yara. 'Yata ta kawo wani bature da ya musulunta yana neman aurenta, yaron ba laifi yana da natsuwa, sunan gidansu Spencer. Ya ce kakarsa kafin ta rasu kullum tana faɗa musu wai su jinin gidan su Gimbiya Diana ne, har akwai wani allo mai tambarin gidan a rataye a falonsu. Babanta ya ce ba zai ba da 'ya ba sai an binciki asali kamar yadda ake yi a gida, shi ne na samu wani mai binciken asali a Facebook na biya shi fam 350 ba da sanin maigidana ba, ya turo min takarda mai hatimi da salsala tun daga 1066. Yanzu kuma ya ce in ƙara fam 1,800 ya yi wa yaron rijista don wai akwai sarauta da gado da ba a karɓa ba, kuma wa'adi zai cika ƙarshen wata. Wallahi ko barci ba na iya yi, ina tsoron a cuce ni kuma ina tsoron in sa 'yata ta yi asarar rabonta. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki ƙara masa ko sisi, ki bar ƙarshen watan ya zo ya wuce ba abin da zai faru. Sarautar Earl Spencer tana da mai ita a raye, Charles ƙanin Diana, shi ne na tara, ya gaji mahaifinsa a 1992, kuma magajinsa na nan, ɗansa Louis da aka haifa a 1994. Kujerar da mai ita ke zaune a kai ga kuma mai jiran gado a tsaye, wane gado ne ba a karɓa ba?

Bari in ɗan bi miki salsalar gidan tukuna don ki ga inda yaron zai iya shiga da inda ba zai iya ba. Asalinsu makiyayan tumaki ne a yankin Warwickshire, lokacin da ulu ke kawo kuɗi a Ingila. John Spencer, wanda ya rasu a 1522, shi ya sayi Wormleighton a 1506 sannan ya sayi Althorp a 1508, gidan da aka binne Diana a cikinsa kenan. Kusan shekara ɗari suna tara dukiya suna auren 'ya'yan attajirai ba su da wata sarautar gado, sai a 1603 Sarki James na ɗaya ya naɗa Robert Spencer sarautar Baron. Jikansa Henry aka ƙara masa girma zuwa Earl na Sunderland a 1643, a shekarar kuma aka kashe shi a yaƙin Newbury, ko morar rawanin bai yi ba. Inda labarin ya yi rassa shi ne auren Earl na uku, Charles, da Anne 'yar John Churchill, Duke na Marlborough na farko. Shi Marlborough ɗansa namiji agana ta kashe shi a 1703, sai majalisa ta yi doka ta musamman a 1706 cewa sarautar tana iya bi ta 'ya'yansa mata, to ta nan ne a 1733 sarautar Duke ta faɗo hannun wani Charles Spencer ɗan Anne, shi kuma ya sakar wa ƙaninsa John gidan Althorp. Ɗan wannan John ɗin aka naɗa Earl Spencer na farko a 1765, su ne kakannin Diana. Reshen yayan kuwa sai a 1817 suka nemi izinin sarki suka manna Churchill a sunansu suka koma Spencer-Churchill, daga can Winston Churchill ya fito.

Ki lura da Winston ɗin nan da kyau. A fadar Blenheim, gidan Duke na Marlborough, aka haife shi a 1874, kakansa Duke ne na bakwai, amma da yake mahaifinsa ba shi ne babba ba, shi bai gaji sarauta ba bai gaji fadar ba, da alƙalaminsa ya riƙa ci da iyalinsa. Mu a wajenmu duk ɗan sarki ɗan sarki ne, in gadon sarauta ya faɗi kowa na iya nema, su kuwa babban ɗa namiji ke kwashe rawani da gida da gona, sauran kowa ya kama gabansa, soja ko coci ko lauya, jikokinsu kuma su narke cikin talakawa. Shi kansa Louis yana da yayye mata uku amma shi ne magaji. Don haka ko da an tabbatar yaron nan jinin gidan ne ta wani ƙaramin ɗa na shekara 200 baya, wanda ba abin mamaki ba ne, abin da zai samu labari ne mai daɗin faɗa wa 'ya'ya, ba fam ɗaya a ciki.

To yanzu ga abin da ke ci min rai, kusan kullum sai an kawo min shi, wai tunda suna ɗaya ne jini ma ɗaya ne, kuma wai kowane sunan gida yana da tambarinsa. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma a kanta 'yan damfarar nan suka gina kasuwarsu gaba ɗaya. Kalmar Spencer sunan sana'a ce, daga tsohon Faransanci ta fito, ma'anarta mai riƙe da ɗakin ajiyar abinci a gidan manya, mai fitar da awo kenan. Kowane babban gida da kowane gidan 'yan coci yana da irin wannan ma'aikacin, sai sunan ya bi 'ya'yansu a garuruwa daban daban ba wanda ya san wani. Kamar a ce duk mai suna Ma'aji ko Maƙeri daga Sakkwato har Damagaram kaka ɗaya ya haife su, ko duk wanda ya sa Katsina a ƙarshen sunansa ɗan gidan sarki ne. Tambari kuma a dokar Ingila na mutum ɗaya ne da aka ba shi da zuri'arsa ta wajen maza, hukumar College of Arms da ke Landan, wadda Sarki Richard na uku ya kafa a 1484, ita ke bayarwa ita ke riƙe da rijista, kuma ta sha faɗa cewa babu wani abu wai tambarin suna. Allon da ke falon su yaron nan, in kin duba zan iya cewa fari da ja ne an raba shi gida huɗu da baƙin layi a karkace mai ɗauke da ƙwanson teku uku, irinsa ake sayarwa a shagunan 'yan yawon buɗe ido, ki faɗi sunanki a danna kwamfuta a buga miki a sa a firam, wasu har a kofin shayi. Ba na zargin kakarsa da ƙarya, wataƙila ita ma kyauta aka ba ta ta ɗauka da gaske.

Abin dariyar ma shi ne su kansu 'yan Althorp sun taɓa faɗawa irin wannan ramin, da idonsu a buɗe kuwa. Tambarin da aka ba John makiyayi a 1504 daban ne, kawunan tsuntsun teku shida ne a jiki. Da kuɗi ya zauna sai asalin kiwo ya fara yi musu ƙaiƙayi, a 1595 wani babban jami'in hukumar tambarin mai suna Richard Lee ya rubuta musu salsala da ta haɗa su da gidan Despenser, manyan fadawan Sarki Edward na biyu waɗanda aka kashe uba da ɗa a 1326, daga nan suka ɗauki tambarin Despenser suka ɗan sauya shi, shi ne wanda suke amfani da shi har yau. Aikin maroƙi ne kawai, ka cika masa aljihu ya kai kakanka har Gabas. Mutanen zamanin ma ba su haɗiye ba, ana ba da labarin cewa a 1621 a zauren majalisa Earl na Arundel ya yi wa Baron Spencer gori cewa lokacin da ake manyan al'amura kakanninsa na bin tumaki, shi kuma ya mayar masa cewa lokacin da nasa ke kiwo na Arundel cin amanar sarki suke ƙullawa. Sai a 1901 masanin salsala Horace Round ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya ya nuna haɗin na jabu ne. To Hajiya, in gidan da ke da ɗakin ajiyar takardu na shekara 500 bai iya kai kansa ga Despenser da hujja ba, ta yaya wani a Facebook zai kai saurayin 'yarki 1066 cikin 'yan kwanaki?

Wannan 1066 ɗin ma ita ce alamar farko da nake gane ɗan damfara, shekarar da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, kowa so yake a ce kakansa na cikin rundunar. Rijistar baftisma da aure da binnewa a coci sai 1538 aka ba da umarnin farawa, kuma coci da yawa littattafansu na farko sun ɓace ko ruwa da ɓera sun cinye. Kafin nan talaka ba ya shiga takarda sai in ya yi shari'a ko ya biya haraji, sunan gida ma da ake gada bai zama ruwan dare a wajen talakawa ba sai wajen 1400. Abin da waɗannan mutanen ke yi, su kwafi salsalar gaskiya daga littafin Burke ko Debrett, littattafan da ke jera zuri'ar masu sarautar Birtaniya, su nemi wani ƙaramin ɗa da littafin bai faɗi ƙarshensa ba, su liƙa kakan mai biyan kuɗi a ƙarƙashinsa, shikenan. Sama gaskiya, ƙasa gaskiya, ɗinkin tsakiya ne ruɓaɓɓe, kuma nan ne ba za su taɓa nuna miki takarda ba.

Su kansu turawan sun daɗe da sanin wannan ciwon. Da Earl na Northumberland na goma sha ɗaya ya rasu a 1670 ba ɗa namiji, wani mai ƙera akwatuna daga Dublin, James Percy, ya taso ya ce shi ne magaji tunda shi ma Percy ne, ya yi kusan shekara ashirin yana zarya, a 1689 majalisar dattawa ta yanke cewa maƙaryaci ne, ta ba da umarni a zaga da shi kotunan Westminster da takarda manne a ƙirji mai cewa mai da'awar ƙarya ne mara kunya. Daga baya kuma wanda ya zama Duke na Northumberland a 1766 sunansa na haihuwa Hugh Smithson, magajiyar gidan ya aura ya karɓi sunan Percy a 1750. Kin ga mai sunan bai samu ba, wanda ya samu kuma aron sunan ya yi.

Kuma don Allah a daina cewa za a yi wa mutum rijistar sarauta da kuɗi. Sayar da irin wannan sarautar laifi ne tun dokar 1925, har an ɗaure wani dillalinta Maundy Gregory a 1933. Akwai rijistar masu sarautar gado ta gwamnati da aka kafa a 2004, kyauta ake duba ta a shafin College of Arms, wanda sunansa ba ya ciki ba ya ciki. Masu sayar da taku ɗaya na daji a Sukotland su ce ka zama Lord, da masu gwajin yawu na DNA da ke turo saƙo wai kashi kaza na jininka na sarauta ne, duk kanwar ja ce, ina ganin 'yan uwanmu masu ilimi da digiri suna rataya waɗannan takardun a ofis abin har kunya yake ba ni. Mutum ya bar ƙasarsa ya zo yana aikin dare cikin sanyi, ya ɗauki guminsa ya miƙa wa wani don a kira surukinsa jikan Earl, haba.

In ana son sanin asalin yaron da gaske, daga ƙasa ake hawa ba daga sama ake saukowa ba. Ya kawo takardar haihuwarsa mai ɗauke da sunan iyaye, sai ta auren iyayensa wadda za ta nuna sunan kakansa da sana'arsa, haka za a yi ta ja da baya. Gwamnati ta fara rijistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837, ana odar kwafi ta intanet daga ofishin babban magatakarda, kuɗin kowace bai kai cefanen kwana biyu ba, sai dai jiran wasiƙa da haushin magatakardan da suka rubuta Spenser a nan Spencer a can. Ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921 a buɗe take, za ki ga gida gida da sana'ar kowa, ɗakunan karatu na gari da yawa suna barin mutum ya duba kyauta. Shi yaron da kansa zai iya kaiwa 1837 a 'yan makonni, in a can ya tarar kakansa masaƙi ne a Lancashire to magana ta ƙare, in kuma ya ga wani abu da ya nufi Northamptonshire, gundumar da Althorp yake, sai a je ɗakin ajiyar takardun gundumar.

Amma ni a fahimtata binciken da Alhaji ke nufi ba wannan ba ne, so yake ya san iyayen yaron su waye, me suke yi, yaya halinsa, wa ya musuluntar da shi, wane masallaci yake zuwa, kuma wannan da ƙafa ake yin sa ba da hatimi ba. Fam 350 ɗin kuma ki tattara saƙonninku da shaidar turawa ki kira bankinki yau ki ce an yaudare ki, ki kai rahoto wajen 'yan sanda, sannan ki samu lokacin da Alhaji ya ci ya ƙoshi ki faɗa masa da bakinki kafin mutumin ya fara kiran wayar gida.