Fentin Babur da Gwangwanin Feshi: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga Jidda: Assalamu alaikum malamai. Na sayi ƙaramin babur na hannu, irin wanda ake ce wa dabbab a nan, ina kai saƙo da shi. Inji lafiya lau, amma rana ta cinye fentin, robobin gefe sun koɗe, tanki ya fara tsatsa. Kuɗin da mai fenti ya yanka mini a sina'iyya, wato unguwar kanikawa da masu gyaran mota, ya fi ƙarfina. Idan zan yi da kaina da bakhakh, wato fentin gwangwanin feshi, me zan saya, kuma guda nawa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, kuma zai yi kyau, muddin ba ka shiga shago ka kwaso gwangwanayen kala kaɗai ka dawo gida ba. Kala ita ce mafi sauƙi a aikin nan. Abin da ke ƙarƙashinta da abin da ke samanta su ne ke sa fenti ya shekara yana sheƙi ko ya fara ɓarewa kafin wata ya kama.

Gwangwanin feshi da aka fi samu a kasuwa mai mililita 400 ne. Ga ƙaramin babur, ka lissafa biyu na fentin ƙasa, wanda masu shago ke kira asas, uku zuwa huɗu na kala, biyu na lakar, wato fenti marar launi da ake rufe aiki da shi. Idan fari ko rawaya ko ja za ka sa a kan duhu, ƙara gwangwanin kala guda, domin waɗannan launuka ba sa rufewa da wuri. Ka sayi kalar duka a lokaci ɗaya, a shago ɗaya. Wanda ka koma nema bayan mako biyu yana iya bambanta kaɗan, kuma ranar Jidda ba ta ɓoye irin wannan bambanci.

Asas iri biyu ne, kuma kana bukatar duka. Akwai na ƙarfe mai hana tsatsa, na tanki da duk inda ka goge har ƙarfe ya bayyana. Akwai na roba, ruwa-ruwa marar launi, wanda ake fesawa sama-sama sau ɗaya ko biyu. Juya kowace roba ka duba cikinta, galibi za ka ga an buga ABS ko PP, sunan irin robar ke nan. ABS na karɓar fenti ba gardama. PP, irin baƙar roba mai kaushi da ake taka ƙafa a kai, ba ta riƙe fenti sai da asas ɗinta, kuma ko da shi, takalmi zai kankare shi. Shawararmu ka bar waɗannan yadda suke, ka wanke su kawai.

Sai samfefa, sanfara a bakin mai shago: lamba 80 don inda tsatsa ta ci sosai, 180, 320, da 600 mai jure ruwa. Ƙaramin gwangwanin ma'ajun, wato ƙullun cike lotsawa, idan tanki ya lotsa. Salatif na takarda na masu fenti, ba na roba da ake ɗaure kwali da shi ba, wanda ke barin danƙo. Sai ruwan cire maiƙo ko sifirit na isopropyl, da tsummokara masu tsabta waɗanda ba sa zubar da zare.

Ka yi ƙoƙari asas da kala su zama na kamfani ɗaya, layi ɗaya. Fenti mai ƙarfin sinadari idan ya hau kan inamel, wato fentin mai, da bai gama bushewa ba, sai ya tada shi ya yamutse kamar fatar tsohuwar lemo, kuma babu gyara sai gogewa daga farko. Kafin ka taɓa babur, gwada jerin gwangwanayen a cikin wata roba ta ciki da ba a gani.

Kwance duk abin da zai kwantu, ka ɗauki hoto da waya kafin kowane mataki, ka zuba kusoshin kowane ɓangare a ledarsa. Sitika tana fita da na'urar busar da gashi. Wanke komai da sabulun wanke kwanuka, ka bari ya bushe. Kada ka goge roba da tina, tana narkar da ABS, kada kuma ka yi wanki da fetur, yana barin maiƙo. Ba dole ne ka cire tsohon fenti gaba ɗaya ba. Inda yake manne da kyau, goge shi da 320 har sheƙin ya mutu duka. Inda akwai tsatsa, bi ta da 80 har ƙarfe ya yi fari, ka bi da 180 sannan 320, ka sassauta bakin wurin yadda yatsa ba zai ji tudu ba. Ƙarfen da ka tsiraita ka sa masa asas a ranar, domin iskar teku tana mayar da tsatsa cikin dare ɗaya. Bayan asas hawa biyu ya bushe, bi shi da 600 da ruwa, ka goge, ka daina taɓa shi da hannu tsirara.

Girgiza gwangwani minti biyu cur daga lokacin da ka ji ƙwallon ciki ya fara ƙara. Riƙe shi santimita 20 zuwa 25 daga aiki, kusan taƙi guda. Danna tun kafin ka iso kan robar, ka saki bayan ka wuce ta, kowane layi ya hau rabin na baya. Hawan farko ya zama siriri har kana hango asas ta ƙarƙashi. Jira minti 10 zuwa 15, ka ƙara, har sau uku. Idan ka gama, kifa gwangwanin ka danna har iska zalla ta fito, bakin ba zai toshe ba. Lambar shasi kuwa ka rufe ta da salatif tun farko, kada fenti ya cike ta.

Tambaya daga Jidda kuma: Na fesa tanki, ya yi kyau sosai. Kwana goma da gamawa, fetur ya ɗiga a kai a gidan mai, na sa tsumma na goge, sai fentin ya biyo tsumman. Jabu aka sayar mini?

Da wuya jabu ne, malam. Haka fentin gwangwani na gama-gari yake. Ana kiran sa 1K: sinadarin da ya narkar da shi ne ke tashi ya bar shi a bushe, saboda haka duk ranar da ya gamu da wani sinadari mai narkarwa, kamar fetur, sai ya sake laushi. Lakar ɗin arha ma haka take, ko hawa goma ka yi mata.

Abin da tanki ke bukata shi ne lakar 2K. Gwangwaninta ɗaki biyu ne, ɗaya lakar, ɗaya sinadarin ƙarfafawa. Akwai maɓalli a murfi da ake cirewa a ɗora a gindin gwangwani a danna, ya fasa ɗakin ciki, a girgiza minti biyu. Daga nan ta fara daskarewa. Kamfanoni irin su SprayMax suna rubuta kimanin awa 48 a yanayi mai digiri 20, a zafin nan kuwa ba za ta kai haka ba, don haka kada ka danna sai komai ya shirya. Ta fi ta gama-gari tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane shagon kayan gini ke ajiye ta ba, ka nema wajen masu sayar da fentin mota a sina'iyya. Idan aljihu bai kai ba, sayi guda ɗaya don tanki da madgad na gaba, sauran robobi su samu ta gama-gari. A nan ne kuɗi ya cancanci a kashe shi.

Gyaran naka: tsiyaye fetur, cire tankin, bar shi a buɗe a inuwa ya sha iska, kuma kada injin gurza ko wani abu mai tartsatsi ya kusance shi, domin tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke haɗari. Goge wurin da ya lalace da 600 har ya yi sumul, maimaita kala, jira lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani, sannan 2K hawa biyu zuwa uku. Kada fenti ya kai inda robar murfin tanki ke zama, ta nan fetur ke shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi. Ba shi mako guda kafin ka yarda mai ya taɓa shi.

Tambaya daga Makka: Na bi duk ƙa'ida, amma fentin ya fito da kaushi kamar an yayyafa masa yashi, babu sheƙi ko kaɗan. Da azahar na yi a kan rufin gida don ya bushe da sauri.

Azahar ɗin ce ta cuce ka, ɗan'uwa. Fentin gwangwani ya fi son digiri 15 zuwa 25, Makka kuwa da bazara tana haura 40, ƙarfen da ya sha rana ya fi haka zafi. Ɗigon fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ya zauna kamar gari, bai samu damar malala ya haɗe ba. Bari ya kwana biyu, goge da 800 da ruwa, ka sake hawa ɗaya ko biyu bayan sallar asuba, a inuwa, ka ɗan matso kusa. Yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Idan za ka iya haƙuri zuwa Disamba ko Janairu, ya fi.

Mutanen Jidda su lura, nasu ya bambanta: da asuba raɓar teku ta fi yawa, kuma danshi yana sa lakar ta yi hazo fari-fari. Su jira hantsi, ƙarfe ya bushe, amma har yanzu a inuwa. Wanda kuma ya ga ƙananan ramuka kamar idon kifi, silikon ne daga man sheƙi da ake shafa wa robobi da tayoyi, sai an goge an sake wanke wurin. Gwangwani kuma kada ya yini a cikin mota. A jikinsa an rubuta kada ya wuce digiri 50, motar da aka rufe a rana tana zarce haka.

Tambaya daga wata uwa a Madina: Ɗana yana so ya mayar da jan baburinsa baƙi, kuma a ɗakinsa yake son yi, wai akwai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙura ba za ta shiga ba. Hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, gaskiyarki ce, ki hana shi. Iskar da ke tura fenti daga gwangwani dangin gas ɗin girki ce, tana kamawa da wuta, kuma mukayyif iskar ɗakin yake juyawa, ba ya fitar da ita waje. A yi a tsakar gida ko wani wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, nesa da murhu, nesa da yara. Takunkumin takarda na asibiti ba ya tare tururin fenti. Ya sayi na roba mai matatun gawayi biyu, wanda aka rubuta A2P2 ko A2P3 a jiki, da safar hannu da tabarau. Wannan ya zama wajibi musamman da lakar 2K, domin tana ɗauke da sinadarin isosayanet mai haddasa asma. In yana da ciwon ƙirji, ya kai tankin a fesa masa a sina'iyya.

Batun launi kuma, an rubuta kalar abin hawa a istimara, wato takardar rajistarsa, kuma canza ta ba tare da izinin Murur, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, ba laifi ne a Saudiyya. Ko dai ya nemi izini tukuna a sabunta takardar, ko ya sabunta jan da yake da shi. Mu da zai ji tamu, ja zai maimaita: ba ya bukatar zirga-zirgar takarda, gwangwani kaɗan zai ci, kuma baƙi yana tona kowace lotsawa da kowace ƙura.

Tambaya daga Riyad: Ragowar baƙin fenti zai yi wa salansa?

Ba zai yi ba, zai ƙone ya yi hayaƙi a tafiyar farko. Nemi fenti mai jure zafi, wanda aka rubuta digiri 600 ko sama. Goge salansar har ƙarfe, kada ka sa asas na gama-gari ko lakar, fesa siriri sau biyu ko uku. Zafi ne ke ƙarasa gasa shi, don haka bayan ya bushe ka tada inji minti 10, ka kashe ya huce, ka maimaita sau biyu kana ƙara lokacin. Faifan birki da sandunan shokozoba masu sheƙi a rufe su da jarida da salatif kafin a danna gwangwani.