Windows bai ga faifai ba: in mayar da kayan Kano ne?

Wani Alhaji mai shagon kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu, kusa da babbar kasuwar Maradi, ya aiko da wannan tambaya:

"Daga Kano nake saro kaya. Wannan karon na ɗauko Dell da HP ƴan baya-bayan nan guda goma sha biyu. Yaron shagona ya zo ɗora musu Windows na Faransanci, biyar suka ƙi nuna faifan ajiya, ya ce SSD ɗinsu ne suka mutu. Na sayo sababbi biyu aka sa, su ma shiru. Ana cikin haka wani ɗalibi ya kawo tasa gyara, yaron ya taɓa wani abu a BIOS, yanzu shuɗin allo kawai take nunawa, kuma aikinsa na kammala karatu yana ciki. In mayar da kayan in daina saro irinsu, ko in ɗauki ƙwararre a kan albashi?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka mayar da kayan tukuna, kada kuma ka ƙara sayen SSD, wato faifan ajiyar, ko ɗaya. Tunda sabon faifai ma bai fito ba, alama ce mai ƙarfi cewa laifin ba na faifai ba ne.

Mu fara da ta ɗalibin, don ita ce ke da rai a kai. Ka hana yaron goge ta. Ya koma BIOS, wato shafin saitunan injin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ya mayar da saitin da ya canja yadda ya same shi, ya adana, ya kunna. Galibi nan take za ta tashi da komai nata. Idan a ƙasan shuɗin allon an rubuta INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, to wannan ce matsalar: Windows ya saba shiga faifan ta hanya ɗaya, aka sauya masa hanya yana barci.

Tsakanin faifai da sauran kwamfuta akwai wani sashe mai kula da shige da ficen bayanai, kuma a BIOS ake zaɓar salon da zai yi aiki da shi. Na dā shi ne IDE, wanda sai a tsofaffin injuna za ka gan shi. AHCI ya zo a 2004 daga kamfanin Intel, kuma tun daga Windows Vista kowane Windows yana zuwa da direbansa a ciki. Na uku shi ne RAID, wanda a injunan Intel yake tafiya da manhajarsu mai suna RST. Direba kamar tafinta yake. In salon da aka zaɓa a BIOS ba shi da tafintansa cikin filashin da ake ɗora Windows da shi, faifan yana nan lafiya lau amma ba mai jin maganarsa.

Abin da ya sa yaronka bai taɓa cin karo da wannan ba shi ne tsofaffin kaya ya saba da su. Daga firosesan Intel (ƙwaƙwalwar injin) na zubi na 11, da suka fito a 2020, masu ƙera kwamfuta da yawa suna kunna wani abu mai suna VMD, wanda ke ɓoye faifan NVMe, wato sabon nau'in SSD, a bayansa. Ka duba lambar firosesan: i5-1135G7 zubi na 11 ne, i5-1235U na 12. Ina kyautata zaton biyar ɗin nan duk daga nan suka fara. Dell kuwa ta daɗe tana fitar da injunanta a kan RAID On tun daga masana'anta, ko da faifai ɗaya tak ke ciki.

Hanya biyu ce. Ta farko, a shiga BIOS a sauya salon kafin a ɗora Windows. A Dell da F2 ake shiga, a nemi SATA Operation, ko SATA/NVMe Operation a sababbi, a ɗauke shi daga RAID On zuwa AHCI. A Asus a kashe VMD a sashen Advanced. A wasu Acer zaɓin ɓoye yake sai an danna Ctrl da S a shafin Main. Ta biyu, a bar BIOS yadda yake, a sauko da direban Intel RST na wannan samfurin daga shafin kamfanin da ya ƙera injin, a warware shi cikin filashin. Idan an iso inda ake zaɓar faifai aka ga wayam, sai a danna Charger un pilote, wato ɗora direba, a nuna masa jakar direban, faifan zai bayyana. Wasu HP ba su ba da damar kashe VMD kwata-kwata, don haka ta biyun ce kaɗai mafita a kansu.

Wacce ta fi wa ɗan kasuwa? A injin da yake naka, mai faifai ɗaya, wanda za a goge gaba ɗaya, ni AHCI nake zaɓa inda aka ba da dama. Mai saye da ke rubuta takardu da kallon bidiyo ba zai ji bambancin gudu ba. Ribar tana wani waje: in ya tafi da ita Tasawa ko Dakoro, ranar da wani mai gyara zai sake ɗora masa Windows kowane filashi zai ga faifan, ba za a ce masa Alhajin Maradi ya sayar masa da mataccen kaya ba. Sai dai akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani. Injin na hannu kan zo da ƙaramin batirin BIOS da ya gaji, alamarsa ita ce kwanan wata da agogo su riƙa rikicewa. Ranar da BIOS ɗin Dell ya koma saitin masana'anta, RAID On zai dawo da kansa, shuɗin allo ya biyo baya, mai saye ya dawo maka da fushi. Maganin ba shi da tsada: a canja batirin kafin a sayar, a liƙa ƴar takarda a ƙasan injin da ke cewa AHCI ko RAID, a kuma rubuta hakan a rasit da littafin shago. Gyaran minti biyu ne ga wanda ya san inda zai duba.

Injin da mutum ya kawo da kayansa a ciki kuwa, dokar daban ce, kuma ka kafa ta da bakinka: ba a taɓa wannan saitin sai an kwafe bayanai an kuma sanar da mai shi. Dalilai biyu ne. Sababbin injuna da yawa faifansu a kulle yake da BitLocker, kuma canji a BIOS na iya sa ya nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai injin. In babu mabuɗin, ba ƙwararren da zai buɗe maka. Na biyu, wasu injuna suna ɗauke da wani nau'in faifai mai suna Intel Optane, irin su H10, wanda sai da RST yake aiki, in aka cire shi da ka bayanai na iya salwanta. In dole ne a sauya salo ba tare da gogewa ba, ana sa Windows ya tashi a Safe Mode, wato yanayin gyara, tukuna, a sauya a BIOS, ya tashi ya ɗauki sabon direba, sannan a mayar da shi daidai. Wannan aiki ne da ake biyan kuɗinsa daban, kada ka bari a yi shi kyauta a matsayin ihsani.

Yanzu lissafi. Mayar da injuna biyar Kano yana nufin kuɗin mota, abin da za a kashe a iyakar Ɗan Isa da Jibiya, canjin sefa da naira, ga jarinka a kwance har a sasanta. Sannan in wanda ya sayar maka ya kunna su a gabanka suka tashi, girmanka ya taɓu, bashin da yake ba ka ma sai ya fara tunani. SSD biyu da ka saya ba asara ba ce, haja ce, a mayar da su kwali a sayar. Waɗanda aka cire kuma kada a yar, a gwada su, da wuya a ce sun mutu.

Daina saro irinsu ba shawara ba ce. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ma'aikatan ofis za su ƙara neman sababbin ne, tsofaffin kuma farashinsu ƙasa zai yi ta yi. Wanda ya iya sarrafa waɗannan injuna tun yanzu shi zai riƙe cinikin.

Ƙwararre a kan albashi bai taso ba a shago mai wannan girman. Ka biya wani gwani ladan yini ɗaya ya zauna da yaron a kan injunan nan biyar, su haɗa filashi mai ɗauke da direbobin samfuran da ka fi sarowa, kowanne a jakarsa da sunansa, a yi kwafi biyu, ɗaya a aljihun teburinka. Kada ka ci wa yaron mutunci a kan SSD biyun, amma ka ja masa kunne a kan taɓa injin mutane ba izini.

Gaba in ka je sari, kafin ka biya, a shiga BIOS na kowane inji a gabanka. Injunan da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka wani lokaci BIOS ɗinsu na da kalmar sirri, irin wannan ba za ka iya sauya komai a cikinsa ba, don haka ko a rage maka kuɗi ko ka bar shi. Sannan a gwada faifan da gwajin da ke cikin injin: a Dell F12 sai Diagnostics, a HP Esc sai F2. Ka yi wa biyar ɗin nan wannan gwajin yau. Wanda gwajin ya ce faifansa ya lalace, shi kaɗai za ka ɗauki hoton allonsa ka aika wa mutuminka na Kano ta WhatsApp, ku yi maganar ragi ko canji a sari na gaba.