Dariyar da ta fi kuka ciwo: amsa kan finafinan kaɗaici da rikicin gida

Malama, kin ce kin kalli Little Miss Sunshine, kin sami kanki kina ƙyalƙyala dariya a daidai wurin da iyalin suka naɗe gawar kakansu da zanin gado suka zurara ta ta tagar asibiti, daga baya kuma kunya ta kama ki, shi ya sa kike tambaya ko akwai wasu finafinai irinsa, da kuma ko ya dace wanda kaɗaici ya dame shi ya riƙa kallonsu. Na shafe fiye da shekara goma ina bibiyar wannan nau'in fim, kuma na soma ne a lokacin da aiki ya nisanta ni da kowa nawa, ina kwana ina tashi ni kaɗai, saboda haka zan ba ki amsa gwargwadon abin da idona ya gani.

Da farko dai ki sauke wannan kunyar, domin ba mutuwar tsohon kika yi wa dariya ba. Ki tuna yadda gidan yake tun daga farkon fim ɗin: uba yana wa'azin matakai tara na samun nasara alhali shi kansa a tsiyace yake, kawu ya fito daga asibiti bayan ya yi yunƙurin kashe kansa, saurayin gidan ya yi wata tara bai furta ko kalma ɗaya ba, uwa kuma tana ta ɗinkin ɓaraka ita kaɗai. Zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gabansa. Satar gawar nan tana cikin abubuwa ƙalilan da suka haɗa hannu suka yi tare, kamar yadda dole ta sa suke haɗuwa su tura tsohuwar motarsu kafin ta tashi, a kan hanyarsu daga Albuquerque zuwa Kalifoniya. Abin da ya ba ki dariya shi ne sai da ajali ya ratsa kafin su zama iyali. Michael Arndt, wanda ya rubuta labarin, ya sami kyautar Oscar a kansa, haka ma Alan Arkin da ya fito a matsayin kakan.

Abin da na fahimta bayan na kalli masu yawa shi ne, kaɗaicin da waɗannan finafinai ke magana a kai ba na rashin mutane ba ne. Na wanda yake zaune a tsakiyar danginsa ne yana magana babu mai saurarensa. Barkwancin kuma yana fitowa ne daga wahalar da mutane ke sha wajen rufa wa kansu asiri, su ci gaba da gaisuwa da murmushin yaƙe kamar babu abin da ya faru. Babu fim ɗin da ya nuna mini wannan ƙarara kamar Festen, wanda Thomas Vinterberg ya yi a Denmak a 1998. An tara dangi da abokai domin bikin cikar maigida shekara 60, sai babban ɗansa ya miƙe zai yi jawabin yabo, ya ba uban zaɓi tsakanin takardu biyu, kore da rawaya. Da uban ya zaɓa, sai ɗan ya karanta a gaban kowa cewa uban ya ci zarafinsa shi da 'yar'uwarsa da aka haife su tagwaye tun suna yara, ita kuma ba ta daɗe da kashe kanta ba. Kin san abin da baƙin suka yi? Suka ɗan yi shiru, sannan suka ci gaba da liyafarsu, mai gabatar da taro ya ci gaba da aikinsa. Ma'aikatan kicin ne ma suka ɓoye makullan motocin baƙin domin kada wani ya sulale kafin gaskiya ta gama fitowa. An ɗauki fim ɗin bisa ƙa'idojin Dogme 95, wato kyamara a hannu, babu fitilun ɗaukar fim, babu kiɗan da aka ɗora daga baya, shi ya sa yake kama da bidiyon biki da wani ɗan gida ya ɗauka, kuma wannan kamar ce ke sa mai kallo ya ji kamar shi ma an gayyace shi ya zauna ya yi shiru tare da sauran. Na yi dariya a wurare da dama, amma kowace dariya sai da ta bar mini ɗaci a maƙogwaro. Ya sami kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a shekarar da ya fito.

Wanda ya fi kusa da abin da kike nema, a ganina, shi ne The Royal Tenenbaums na Wes Anderson, wanda ya fito a 2001. Gene Hackman ne uban, mutumin da ya watsar da iyalinsa shekaru da yawa, sai da kuɗinsa suka ƙare aka kore shi daga otal ɗin da yake zaune sannan ya dawo yana ƙaryar cewa sankarar ciki za ta kashe shi nan ba da daɗewa ba. 'Ya'yansa uku duk sun yi fice tun suna ƙanana, ɗaya a kasuwanci, ɗaya a rubutun wasan kwaikwayo, ɗaya a wasan tanis, amma da suka girma kowannensu ya durƙushe ya dawo ɗakinsa na yarinta. Ki lura da wani ƙaramin abu: duk sanda uban zai gabatar da 'yarsa Margot ga mutane, sai ya ƙara da cewa riƙonta ya yi, ba shi ya haife ta ba. Karo na farko abin dariya ne, amma idan kika gan ta babba tana kulle kanta a banɗaki na sa'o'i tana ɓoye wa kowa shan sigarinta, za ki gane irin ramin da wannan 'yar kalmar ta haƙa. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne bayan asirinsa ya tonu, yana fita daga gidan, ya ce kwanaki shidan da ya yi tare da su sun fi masa duk sauran rayuwarsa. Ya faɗa ne domin a tausaya masa, sai mai ba da labari ya shaida mana cewa yana rufe baki ya gane ashe gaskiya ya faɗa. Maƙaryacin da ya yi tuntuɓe da gaskiya a cikin ƙaryarsa, wannan shi ne irin barkwancin da nake nufi.

Idan kuma kaɗaicin ne ya fi damunki fiye da rikicin gidan, to ki nemi The Banshees of Inisherin na Martin McDonagh, na 2022. An gina labarin a wani ƙirƙirarren tsibiri a gaɓar Ailan a 1923, ana jiyo ƙarar bindigogin yaƙin basasa daga tsallaken ruwa. Wata rana Colm ya gaya wa amininsa Pádraic cewa ba ya son abota da shi kuma, ba don ya yi masa laifi ba, sai don hirarsa ba ta da daɗi, shi kuma yana so ya ƙare sauran kwanakinsa yana tsara kiɗa. Da Pádraic ya ƙi haƙura, sai Colm ya yi alkawarin cewa duk sanda ya sake yi masa magana zai datse yatsansa ɗaya, alhali da yatsun yake goga kiɗan da ya ce saboda shi ya yanke abotar. Kuma ya cika alkawarin. Na kalli wannan fim a lokacin da wani aminina na shekaru ya daina amsa kirana ba tare da wani dalili da na sani ba, kuma gaskiya na ga kaina a cikin Pádraic fiye da yadda nake so, musamman nacin nan na komawa ƙofar mutum kana tambayar me ka yi. Colin Farrell ya taka rawar Pádraic da kyau har kina jin haushin wautarsa kina kuma tausayinsa a lokaci guda, balle da 'yar'uwarsa Siobhán ta bar tsibirin, ya rage daga shi sai 'yar jakarsa da yake shigowa da ita ɗaki. An zaɓi fim ɗin a rukuni tara na Oscar bai ci ko ɗaya ba, abin da har yanzu nake ganin ba a yi masa adalci ba.

Akwai wasu da zan ambata a gurguje. The Lobster na Yorgos Lanthimos, na 2015, ya ƙirƙiro duniyar da ake kai duk marar aure wani otal a ba shi kwana 45 ya sami abokin zama, in ya kasa a mai da shi dabbar da ya zaɓa. Rabinsa na farko ya fi na biyu ƙarfi nesa ba kusa ba. Force Majeure na Ruben Östlund, na 2014, labarin magidanci ne da ya ga dusar ƙanƙara ta gangaro, ya suri wayarsa ya arce ya bar matarsa da yara, sannan ya shafe kwanaki yana musun cewa ya gudu. Toni Erdmann na Maren Ade, na 2016, ya kusa sa'a uku amma bai gundure ni ba: uba ne ke bin 'yarsa ma'aikaciya har Bukares da haƙoran roba da gashin kanti, domin shi dai bai san wata hanyar ce mata yana kewarta ba.

Sai dai ba duka zan ba ki shawarar kallo ba, kuma a nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Ma'aunina shi ne ko daraktan yana ƙaunar mutanen da yake ba mu dariya da su, ko kuwa ya jera su ne domin a yi musu ba'a. Happiness na Todd Solondz, na 1998, masana fim suna yaba shi ƙwarai, kuma ban musa gwanintarsa ba, amma a cikinsa akwai uban da ke lalata da yara, kuma na tashi daga kallonsa ina jin kaɗaicina ya ninka. Ban sake komawa kansa ba. Dogtooth na Lanthimos, na 2009, wanda iyaye suka kulle 'ya'yansu a gida har suka girma suna koya musu ma'anonin kalmomi na ƙarya, shi ma na wanda ya shirya ne, ga shi da fitowar da ba ta kalluwa a gaban yara ko manya. Ki kuma sani cewa yunƙurin kashe kai yana yawan zuwa a wannan nau'in, har a cikin masu taushin kamar The Royal Tenenbaums, saboda haka idan damuwar da kike ciki ta yi nauyi, ki ɗan dakata da su, ki fara samun wanda za ki yi magana da shi ko ki ga likita.

Idan kaɗaicin na yau da kullum ne, irin wanda ke zuwa da dare idan gida ya yi tsit, to ni dai sun taimake ni, domin sun nuna mini halin da nake ciki ba tare da sun yi mini wa'azi ko sun yi mini alkawarin ƙarya ba. Ki fara da Fallen Leaves na Aki Kaurismäki, na 2023, minti 81 ne kacal, labarin wasu talakawan ma'aikata biyu a Helsinki da suka haɗu, ta rubuta masa lambar wayarta a takarda, iska ta kwashe ta, ga shi ko sunanta bai sani ba. Mutanen Kaurismäki ba sa murmushi kuma ba sa yawan magana, saboda haka ki kalle shi da harshensa na asali da fassara a rubuce a ƙasa, domin rabin barkwancin yana cikin shirun da ke tsakanin jimla da jimla. Daga nan ki wuce The Royal Tenenbaums, sannan Toni Erdmann. Festen kuwa ki ajiye shi sai ranar da kike da abokin kallo, don za ki so ki sami wanda za ku tattauna da shi idan an gama.