Amsar tambayar Kawu: yadda jirgi ya hau tudu

Assalamu alaikum. Kawu barka da yamma, ya gida, ya iyali? Na ji tambayarku a kan hoton nan da na saka, wai yaya aka yi jirgin ruwa ya hau tudu. Wallahi ni ma da nake zaune a Ingila sai da na shiga na gane.

Kanal ne aka haƙa, kamar na noman rani a Kadawa, amma wannan na jirgi ne. Daga Huddersfield ya tashi, tsawonsa mil 20. Jirgin siriri ne, faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, ga gado ga murhu a ciki, kuma doka ta hana wuce gudun mil 4 a awa.

To, hawan tudun. Akwai wani ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya, lok suke ce masa. Sai a shigar da jirgi, a rufe ƙofar baya, a sa wani ƙarfe a murɗa, ruwan da ke gaba, wanda ya fi tudu, ya ɓulɓulo ciki. Kana zaune jirgi yana ta tasowa da kai, har ruwan ya yi daidai da na gaba. Kafin ya daidaita, ko ƙarti goma ba su iya ture ƙofar nan, amma da ya daidaita yaro ma ya buɗe ta da baya. Irin wannan guda 42 muka haura kafin mu kai garin Marsden. Tafin hannuna har kanta ya yi.

Amma Kawu, ramin Standedge, wanda kanal ɗin ke bi daga Marsden, shi ne maganar. Ya ɗara mil 3 a ƙarƙashin dutse, babu ramin kanal mai tsawonsa a Birtaniya. A 1811 aka buɗe shi, aka sake buɗe hanyar a 2001 bayan ta daɗe a rufe. Ba a shiga haka kawai, sai da muka yi rajista tukuna, masu kula da kanal ɗin suka ba mu hular kwano da rigar ruwa, ma'aikacinsu ya hau jirgin tare da mu. Duhu ne ƙirin, ga sanyi, ruwa na ɗigo maka a wuya, wani wurin dutse ne tsirara ko bulo babu. Kusan awa biyu muka yi, ni dai ba abin da nake sai salati.

Abin da ya tsaya mini a rai, a da dawaki ke jan jiragen, kuma babu hanyar doki a cikin ramin. Sai a kewaya da dokin ta kan tsauni, mutane su kwanta a kan jirgi suna tokare bango da ƙafa, haka har su fita. Da kaya fa, Kawu, ba fanko ba.

Da muka hango hasken mafitar ramin a ƙauyen Diggle ƙarami kamar kwabo, na ce alhamdulillahi an gama. Ashe lok 32 na jiranmu a gangare. A gaida su Inna.